Kama da Wane Ba Ta Wane

Sana'ata ba boyayya ba ce a unguwarmu. Ina bayar da hayar lasifika, amfilifaya da makirufo a Kilomita Biyar, unguwar da 'yan Bangui ke kira PK5. Ɗaurin aure, suna, walimar saukar karatu, tafsirin azumi, duk inda ake son murya ta kai ƙarshen layi, ana tuna ni. Amma sana'ar ba ni na fara ta ba, ta yayana ce. Lokacin da rikici ya ɓarke a watan Disamba na 2013, ya yi ta jurewa har farkon 2014, sannan ya hau babbar mota cikin ayarin masu ficewa zuwa Kamaru. Ya bar wa mahaifiyarmu 'yarsa mai shekara uku, ni kuma ya bar mini akwatin ƙarfe. A ciki akwai makirufo marar waya guda biyu, da risibarsu biyu, wato ƙaramin akwatin nan mai eriya da ke kama muryar mai magana ya miƙa wa amfilifaya. Adaftar wuta kuwa guda ɗaya na tarar. Ɗayar ta ɓace a hargitsin kwashe kaya.

A lokacin na ɗauka adafta ba abin damuwa ba ce. Kasuwar Kilomita Biyar ita ce babbar kasuwar Bangui, abin da duk ya sauka a tashar jirgin ruwa ta Duwala sai ya iso nan. Wata rana a 2015, makonni kaɗan kafin Paparoma Francis ya ziyarci Babban Masallacinmu ranar 30 ga Nuwamba, na samu aiki biyu a yini ɗaya, ga shi fita daga unguwa a kwanakin nan kasada ce. Na je wajen wani mai tebur, na zuba hannu cikin kwandon tsofaffin caja, na yi ta gwadawa har na samu wadda bakinta ya shige ramin risiba cif-cif. Na biya, na koma gida ina murna. Ina jonawa na ji "ɗas", sai ƙauri ya tashi. Ko sakan biyar ba a yi ba. Risibar da ta tsira daga wawashe shago, ni na kashe ta da hannuna.

Na ɓoye wa Yaya wannan magana. Duk lokacin da ya kira ya ce, "Ya kayan aiki?" sai in ce, "Lafiya lau, Yaya." Na ci gaba da lallaɓa risiba ɗayar da adaftarta ta asali kamar ƙwai.

Bara aka sa ranar walimar saukar Alƙur'ani ta 'yar nan da ya bari. Yaya ya ce zai zo daga Garwa-Bulai, tafiyar kusan kilomita 600, kuma zuwansa na farko ke nan tun fitarsa. Saura kwana uku na je wani biki. Wutar da ke zuwa daga madatsar Boali ba ta isar gari, ana raba ta ne unguwa-unguwa, don haka da janareto masu bikin suka yi aiki. Janareton ya yi gurnani sau ɗaya, kwan fitila ya yi haske fiye da kima, adaftata ta mutu. Allah ya taimake ni risibar ba ta taɓu ba.

Washegari da sassafe na shiga kasuwa da risiba a jaka. Yaron shagon farko ya karɓa ya juya ta, ya ce, "Yallaɓai, ai duk ɗaya ne. In ya shiga, shi ke nan." Na karɓe kayata na yi gaba, domin wannan maganar ce ta ci ni shekara goma da suka wuce. A shago na huɗu na samu wadda aka rubuta volt 12 a jikinta, daidai da abin da ke bayan risiba. Muka jona, fitila ta kama. Amma da iska ta kaɗa wayar sai ta ɗauke, ta dawo, ta sake ɗaukewa. Na hango yarinyarmu tana tsakiyar aya murya na yankewa. Na mayar masa da abinsa.

Da azahar wani ɗan acaɓa ya kwatanta mini rumfar wani dattijo mai gyaran rediyo, can cikin lungu bayan 'yan tireda. Na yi sallama na tsuguna, na kwashe labari na faɗa masa, har da ƙonuwar 2015. Bai yi dariya ba. Ya sa tabarau ya ce, "Ɗana, ka zo da gawar?" Na ce, "Wace gawa, Baba?" Ya ce, "Adaftar da ta mutu." Na zaro ta daga jaka. Ya ce, "To, rabin aikinka ya ƙare."

Abin da ya koya mini a wannan zama shi ne dalilin wannan rubutu, don na san akwai masu lasifikar masallaci da na makaranta da yawa da ke tafiya a makance kamar yadda na yi. Ya ce abu huɗu ake dubawa, kuma shigar baki ita ce ta ƙarshe.

Na farko ƙarfin wuta, wato volt. Dole ya zo daidai da abin da aka rubuta kusa da ramin. Cajar kwamfutar tafi-da-gidanka da yawa volt 19 take bayarwa, kuma bakin wasunsu yana shiga ramin na'ura mai volt 12 lafiya lau. A kuma duba ko DC aka rubuta ko AC, domin akwai adaftar da ke fitar da AC.

Na biyu yawan wutar da adafta ke iya ɗauka, wato amp. A bayan risibata an rubuta 500mA, rabin amp ke nan. Baba ya ce mai amp 1 ko 2 ba ta da illa, na'ura iya cikinta take sha. Wadda ta gaza ita ce matsala, za ta yi zafi ta riƙa yankewa.

Na uku, wanda ya kashe mini risibar farko, shi ne wace waya ce ke tsakiya. Ya nuna mini wani ɗan zane da ban taɓa kula da shi ba: ɗigo a tsakiya, rabin da'ira ta kewaye shi, alamar + a gefe ɗaya, alamar − a ɗaya gefen. Layin da ya taɓa ɗigon shi ke nuna abin da ke cikin ramin baki. Yawancin na'urori + ne a tsakiya, amma wasu kayan makaɗa, musamman na masu jita, − ne a tsakiya. A ido bakinsu iri ɗaya ne sak. In aka juya wa na'urar da ba ta da kariya wuta, sai ƙauri.

Na huɗu girman baki. Kaurinsa daga waje yakan zama milimita 5.5, amma ramin ciki iri biyu ne suka fi yawa: 2.1 da 2.5. Tazarar ba ta kai rabin milimita ba. Baki mai 2.1 ba ya shiga kan tsinke mai 2.5. Mai 2.5 kuwa yana shiga kan tsinke mai 2.1, amma yana lilo a ciki. Abin da ya faru da ni a shago na huɗu ke nan.

Daga nan ya ɗauko adaftar wani tsohon akwatin intanet mai volt 12 da amp 1. Ya yanke bakinta ya ajiye. Ya yanke bakin tawa da ta mutu tare da ɗan tsawon waya, ya feƙe, ya like su da dalma, kowace waya ya naɗe ta daban. Na miƙa hannu zan jona, ya buge mini hannu. "Sauri ya haifi nawa," in ji shi. Ya ɗauko mita, ya sa jan tsinke a cikin ramin, baƙi a jikin ƙarfen waje. Mita ta nuna 12 da 'yan kai, babu alamar − a gabanta. Ya ce kada in taɓa yarda da farin layin da ke jikin waya, kowane kamfani da yadda yake sa nasa, mita kaɗai ba ta ƙarya. Bai sallame ni ba sai da muka haɗa da amfilifayarsa muka ƙure murya, muka kasa kunne ko za mu ji ƙugi ko shewa, domin adafta mai arha takan zuba ƙara cikin sauti ko da lambobinta sun yi daidai. Shiru. Kuɗin da ya caje ni bai kai abin da na kashe a acaɓa ranar ba.

Na ji an ce Tarayyar Turai ta wajabta baki ɗaya, USB-C, ga wayoyin hannu da ake sayarwa a ƙasashenta tun daga 28 ga Disamba 2024. Madalla da masu waya. Mu da ke aiki da kayan da suka sha hannu kafin su iso Bangui, adafta a wata ƙasa, na'ura a wata, mita da ƙarfen dalma ne dokarmu.

Ranar walima aka shimfiɗa tabarmi har bakin titi. Yarinya ta riƙe makirufo da hannu biyu, ta karanta farkon Baƙara, muryarta ta fita tas, ba ta yanke ko sau ɗaya ba. Yaya yana zaune kusa da teburina yana share ido da bakin rawani. Da aka shafa fatiha ya sunkuya yana duba kayan, sai ya kama wayar adafta. A wuyan bakin akwai jan salatif da shi ya naɗa da hannunsa tun kafin rikici. Ya ce, "Wannan kan nawa ne, amma jikin ba nawa ba ne. Ina ɗaya risibar?"

Na faɗa masa gaskiya a wurin. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ai ni ma na ƙona ɗaya kafin in sayi waɗannan. Na ɗauka na gaya maka."

Da ya gaya mini, da risiba biyu gare ni yau. Shi ya sa na sayi mita, na kuma bi kowace adafta da ke cikin akwatin na manna mata takarda: volt nawa, amp nawa, me ke tsakiya, ta wace na'ura ce. Yaron da ke taya ni ɗaukar kaya ba ya jona komai sai ya karanta mini takardar da ƙarfi na ji.