Yadda Na Sayi Tsohon Littafi a Kasuwar Azare

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwana ɗalibai labarin wani abu da ya same ni a zangon da ya wuce, sa'ad da aka tura mu aikin koyarwa na gwaji. Ni Jama'are aka tura ni. Abin ya ci mini kuɗi, ya kuma kusa ci mini mutunci, don haka na ga ya kamata in faɗa, ko wani ya tsira da nasa.

Tun ina yaro a makarantar mishan na ke son littattafan hotuna, watau irin waɗanda a ke ba da labari da zane ko da hoto, maganar kowane mutum tana fitowa daga bakinsa cikin ɗan da'ira. Akwai wani tsohon kabad a ofishin hedimasta cike da su, da su kuwa na koyi Turanci fiye da yadda na koya a aji. In na koma gida ina ba da labarinsu, sai mahaifina ya yi dariya, ya ce ai ban ga kome ba tun da ban ga Lance Spearman ba. Wannan Spearman shi ne jarumin wata mujalla mai suna African Film, wadda kamfanin Drum ya riƙa bugawa daga wajen 1968 zuwa 1972. Hotunan mutane na gaske a ke ɗauka a jera su shafi shafi. Baƙin mutum ne ɗan gaye, da malafa da ɗan gemu, kullum yana fafatawa da wani mugu wai shi Rabon Zollo. Mahaifina ya ce a zamaninsu kwafi guda sai ya zaga unguwa duka har ya yage. Ya rasu ban taɓa ganin ko shafi ɗaya ba.

To, ran nan ranar kasuwa na hau mota daga Jama'are zuwa Azare don in sayo alli da kwali na yin kayan koyarwa. Ina cikin zagawa sai na tarad da wani mutum ya shimfiɗa buhu ya baza tsofaffin littattafai. Akwai na makaranta, akwai su Ruwan Bagaja da Shaihu Umar bugun baya-bayan nan. Na tsuguna ina dubawa, na tambaye shi ko yana da na hotuna. Ya dube ni, ya sa hannu cikin jaka, ya zaro wani abu a naɗe cikin leda. Ko da ya warware, sai ga Spearman da malafarsa. Kai, jama'a, gabana ya faɗi!

Ya ce, "Malam, wannan tun 1969 ya ke cikin akwatin wani tsohon ma'aikaci. Ba wanda ya taɓa shi. Yadda ya fito daga ɗab'i haka ka gan shi."

Ya sa masa naira dubu 15. Na taya dubu 5, ya ce albarka. Muka yi ta ja har ya sallama a dubu 9. Kuɗin abincina ne na kusan mako biyu, amma na ƙirga na ba shi, na koma Jama'are ko allin ban saya ba.

A gidan da na sauka akwai wani tsoho maƙwabcinmu, baduku ne, gafaka ya ke ɗinkawa, yana kuma gyara wa malamai littattafansu in sun yage. Kowa Baba ya ke ce masa. Da la'asar na kai masa don in yi alfahari. Ya karɓa da hannu biyu, bai ce kome ba. Ya sansana bangon, ya sansana ciki. Ya ɗaga shi sama wajen hasken rana. Ya shafa gefen da ɗan yatsa. Sa'an nan ya ce, "Malam ƙarami, nawa ka biya?" Na faɗa masa. Ya ce, "Zauna."

Ya nuna mini abu huɗu. Na fari, takardar bango ta fi ta ciki kauri da santsi, kuma in ka sansana za ka ji ƙanshin shayi: sabon bango ne aka buga da na'ura, aka jiƙa shi da ruwan shayi don ya yi ja kamar tsoho. Na biyu, 'yan wayoyin ƙarfen nan biyu da a ke ɗinke tsakiyar littafi da su suna ƙyalli, alhali ga tabon tsatsar na dā nan a jikin takarda, a wani gurbi dabam. Na uku, an bi gefen littafin da reza an yanke inda gara ta ci, har an taɓa lambar shafi. Na huɗu, falle biyu na tsakiya fotokwafi ne, kuma duk inda baƙi ya koɗe a sauran shafuffukan an bi shi da biro, har tawadar ta huda ta bayan takarda.

Na ce, "Ashe jabu na saya, Baba?"

Ya ce, "A'a. Yawancinsa na gaske ne. Wanda ya yi aikin nan ma yana da hannu. Abin da ya rage masa baki ne. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubad da ruwa, amma kai rariya aka ba ka aka ce maka ƙwarya ce."

Daga nan ya shiga zaure ya ɗauko wani littafi rubutun hannu da wani malami ya kawo masa. Ya ce a gidan malamin sun gaji labari cewa kakanninsu sun taho da shi daga Katagum zamanin da aka mai da gadon sarauta Azare, watau 1916. Ya ɗaga falle ɗaya wajen rana, sai na ga siffar jinjirin wata guda uku a cikin jikin takardar kanta. Daga baya na karanta cewa irin wannan takarda a ƙasar Italiya aka riƙa yin ta, fatake suna kawo ta ta hamada, kuma da yawa daga cikin tsofaffin littattafan ƙasar Hausa a kanta aka rubuta su. Falle uku na littafin nan sun ɓace. Malamin ya sa an kwafo su daga wani littafin, amma Baba ya hana a rina takardar. Fara fat aka bar ta, kuma a ƙasan kowace aka rubuta cewa wannan ba hannun marubucin farko ba ne, ga shekarar da aka ƙara ta. Baba ya ce, "Wanda zai karanta bayan mun mutu ba shi da wanda zai tambaya. Dole takardar ta faɗa masa da kanta."

Da na koma ɗaki na yi bincike a waya, sai na tarar ashe wannan magana babba ce a duniya. A Amurka tsofaffin littattafan zane dukiya ne. Akwai wani mai suna Action Comics, fitowa ta farko, na 1938, inda Superman ya fara bayyana. Sent 10 aka sayar da shi a lokacin. A watan Afrilu na 2024 an yi gwanjon kwafi guda a kan dala miliyan 6. Inda kuɗi ya kai haka, dole masu algus su taru. Saboda haka a shekarar 2000 aka kafa wani kamfani mai suna CGC, aikinsa duba irin waɗannan littattafai. Sai su ba littafi maki daga rabi zuwa 10, su rufe shi cikin gidan roba, su manna masa takardar shaida. Wanda ba a taɓa ba shuɗiyar takarda ya ke samu. Wanda aka yi wa kwaskwarima, kamar ƙara launi ko cike gurbin da ya yage, sai a ba shi mai ruwan shunayya, a rubuta abin da aka yi masa. Kuɗinsa kuwa ya kan faɗi ƙasa ƙwarai, ko da ya fi wancan kyaun gani.

Sun kuma bambanta abu biyu da mu mu ke haɗawa mu kira gyara. Akwai aikin da a ke yi don a tsare littafi kada ya ƙara lalacewa, akwai wanda a ke yi don ya yi kama da sabo. Masanan adana takardu su kan liƙe yagewa da wata siririyar takarda ta Japan da kunun sitacin alkama, don in an so cirewa gobe, ɗan danshi ya isa, takardar asali ba ta cutu ba. Ka ga wannan ya saɓa da abin da mu ke yi a nan. Mu salatif mu ke mannawa, bayan 'yan shekaru ya bushe ya faɗi, ya bar jan tabo wanda ba ya fita. Ko kuwa mu kai takardar shaidarmu a rufe ta da leda a na'ura mai zafi, daga ranar ba mai iya raba su sai da ɓarna.

Kasuwa ta zagayo, na koma Azare na sami mutumin. Na nuna masa abin da Baba ya nuna mini. Bai ko ji kunya ba. Ya ce, "Malam, sa'ad da littafin nan ya zo hannuna ba bango, gara ta ci gefe. Da ban gyara ba, da yanzu an ƙunshe ƙosai da shi. Kwana uku na yi a kansa. Laifi ne?"

Gaskiya maganarsa ta tsaya mini, don tana da ƙamshin gaskiya. Ba don shi ba, da ban taɓa ganin Spearman ba. Na ce masa ni ban ƙi biyan ladan aikinsa ba, abin da na ƙi shi ne da ya ce ba wanda ya taɓa. Da ya faɗa mini, da na saya duk da haka, amma a kan kuɗin gyararre. Ya ce ciniki ya riga ya faɗa, in ga hanya. Na tashi na bar shi.

To, jama'a, ga inda abin ya juyo kaina. Saura mako guda mu gama, wani malamin makarantar da na ke koyarwa ya zo da baƙonsa, wani Alhaji daga Kano mai sha'awar tara tsofaffin jaridu da mujallu. Aka ba shi labarin littafina, ya ce a kawo. Da dare ne, hasken fitila kaɗai. Ya jujjuya shi, murna ta kama shi, ya ce shi ma ya karanta yana yaro. Nan take ya ce ya saya dubu 20, da safe zai kawo kuɗin. Bai tambaye ni kome ba.

A daren nan ban yi barci ba. Kuɗin rajista na jirana a kwaleji, ga bashin mai shago. Zuciyata ta ce, ai kai ba ka yi ƙarya ba, shi ya gani ya taya. Ta ƙara cewa mai kuɗi ne, dubu 20 ba kome ba ce gare shi, kuma kai ma haka aka yi maka. Har na yarda. Sa'an nan na tuna ni ne na tsaya a kasuwar Azare ina ɗaga murya a kan wani don ya rufe bakinsa. Shi ko ba kome ya yi aikin kwana uku. Ni ko allura ban riƙe ba, shirun kawai zan sayar.

Da gari ya waye na yago takarda daga littafin shirin darasi, na rubuta abu huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, na sa kwanan wata, na saka a cikin bangon. Alhaji ya zo, na ce, "Ranka ya daɗe, kafin ka biya, karanta wannan." Ya karanta, ya fita da littafin waje ya duba a rana. Ya daɗe bai yi magana ba. Sa'an nan ya ce a haka dubu 5 zai iya. Na sallama masa, da sharaɗin kada ya cire takardar nan ko da zai sayar wa wani. Ya ce ya yarda. Na yi hasarar dubu 4, rajista kuwa sai da yayata ta ranta mini. Kafin ya tafi na ɗauki hoton kowane shafi da waya, su na ke nuna wa ƙannena yanzu.

Ga shawarata ga 'yan'uwa. Yawancinmu za mu sayi tsofaffin littattafai, don albashin malami ba ya sayen sababbi. In za ka saya, duba shi da rana. Ƙirga shafuffuka tun daga farko har ƙarshe. Gwada takardar bango da ta ciki, ka duba ɗinkin tsakiya. Sa'an nan ka tambayi mai shi ƙarara, "An gyara shi?" In kai ne mai sayarwa, ko ka gyara littafin laburaren makarantarku, rubuta abin da ka yi a 'yar takarda ka bari a ciki. Wanda ya gaji tsohon rubutun hannu a gidansu kuwa, kada ya kusantar da shi da salatif. Ya naɗe shi a tsumma mai tsabta, ya ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da danshi, ya nemi shawarar masu adana takardu irin na Gidan Arewa a Kaduna.

Abu na ƙarshe, mu da za mu riƙe aji. A makon ƙarshe ina cika sakamakon jarrabawa, na ga wani yaro mai ƙoƙari ya sami 37, saura 3 ya haye. Biro na hannuna, ba mai ganina. Na tuna da baƙin da aka bi da biro har ya huda bayan takarda. Na bar masa 37 ɗinsa, na rubuta a gefe cewa lissafin raba ne ke ba shi wuya, malamin da zai karɓe shi ya fara daga nan.

Iyakar labarina ke nan. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa.