Amarya Aka Zo Gani, Ba Tebur Ba



Sana'ata ɗinkin mata a nan Barade, kuma a 'yan shekarun nan na lura da wani sabon salo. Tun amarya ba ta karɓi ɗinkinta ba, mai kwalliyar wurin dina za ta aiko in yanko mata ƙyalle don ta haɗa kalar tebura. Ban ƙi abin ba, tsari yana da kyau. Damuwata yadda muke fahimtar haɗa kalar.

Da yawa sun ɗauka komai sai ya zama iri ɗaya. Amarya ruwan zuma, shimfiɗar tebur ruwan zuma, rigunan kujeru da ankon ƙawaye ma haka. Idan hoto ya fito, sai an yi da gaske kafin a gane mai bikin.

Abin da nake faɗa wa amarena shi ne, a fara da kayanta, domin su suka fi tsada, kuma da zarar almakashi ya shiga babu gyara. Kala uku sun wadatar: ta amarya, ta anko, ta tebur. In leshinta mai duwatsu ne, tebur ya zama ruwan madara ko toka-toka, ba walƙiya. Sai a ɗauki kala ɗaya daga goggoro ko sarƙarta a sa a furanni. A kuma kai ƙyallen zauren da dare a duba, don abin da aka gani da rana a Kantin Kwari ko babbar kasuwar Jalingo yakan sauya a ƙarƙashin ƙwai mai hasken rawaya.

A duba lokaci ma. Disamba da Janairu, farar shimfiɗa a fili ba ta kai la'asar ƙurar hunturu ta rina ta. Maris da Afrilu kuwa, ɗanyen fure yakan yanƙwane tun baƙi ba su zauna ba.

Ni dai kwalliyar da ta fi burge ni ta ranar Fulani ce, mu da muke ƙasar Muri. Amarya cikin farin saƙi mai aikin ja da kore, tebur ɗauke da ƙwarya, faifai da ludayi, ga fura da kindirmo. Komai ya dace da juna, kuma rabin kayan a gida aka ɗauko.

Na san gidan da kuɗin kwalliyar dare ɗaya ya fi na gadon amarya, uban ya yi watanni yana biyan bashi. Washegari masu haya suka naɗe kayansu suka tafi. Iyaye mata, mu ne a gaba wajen cewa kada a raina mu, mu ne kuma za mu iya cewa ya isa. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Allah Ya ba amarenmu zaman lafiya, Ya rufa mana asiri.