Bindiga Ba Ta San Mai Ita Ba

Alƙalawa, babban birnin Gobir na dā, yanzu kufai ne a bakin Gulbin Rima, ba nisa da Sabon Birni. A nan ne, gab da hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya kira Shehu fada, ya ɗana masa bindiga. Da ya harba sai wutar ta komo kansa, saura kaɗan ta ƙone shi. Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, yana wurin, ya kuwa rubuta labarin. Malamai sun lasafta wannan cikin karamomin Shehu. Ga mai riƙon bindiga kuwa akwai wani darasi dabam a ciki, watau ita bindiga ba ta san mai ita ba, ko da sarki ne.

Tsofaffin maharban Gobir sun san haka, don haka ne su ke girmama ɗuri fiye da harbi. Maharbi na ƙwarai yana da ma'auninsa na albarushi, ba ya ɗiba da ka. Ba ya ɗuri kusa da murhu, ko da taba a baki. Ba ya leƙa bakin adaka, ba ya ɗora tafinsa a kai sa'ad da ya ke dannawa. Sandar ɗurinsa tana da shaida, in ya zura ta ya ga ba ta nutse zuwa shaidar ba, ya san da ɗuri a ciki, ba ya ƙara wani. In ya ja kunama ba ta tashi ba, sai ya dakata, bakin yana fuskantar daji, gama wuta ta kan yi nawa sa'an nan ta kama.

A Amurka akwai masu tara kwanson harsashin da aka harba su sāke cika shi da kansu, har na ƙananan bindigogin nan masu ɗura kansu bayan kowane harbi. Kayan aikinsu sun fi na maharbi kyau nesa, amma tsoronsu ɗaya ne. Da sikeli su ke awo, bisa ga abin da masu yin albarushin suka ƙayyade. In aka zuba awo biyu cikin kwanso guda, bindiga ta fashe a hannu. In aka rage ƙwarai, harsashi ya maƙale cikin bututu, na bayansa ya zo ya tarad da hanya a toshe, ita ma fashewa ce. Albarushin nan nasu marar hayaƙi, wanda aka ƙago a Faransa a 1884, ya fi baƙin albarushi ƙarfi ainun. Wanda ya farke harsashin zamani ya juye cikinsa a adakar maƙera, ya kira wa kansa ajali. A Nijeriya kuma dokar makamai ta 1959 ta hana riƙe ƙaramar bindiga ko harsashi ba tare da lasin ba.

To, abin da ya sa maganar nan ta zama tilas shi ne, tun da 'yan fashin daji suka addabi ƙasar Sabon Birni da Isa, musamman daga 2020, adaka ta shiga hannun samari waɗanda ba su gāji harbi ba, ba su kuma zauna gaban maharbi ba. Yaro ya kan ga kamar yawan albarushi shi ne ƙarfin bindiga, ya cika ta fam cikin duhu da firgita. Ran da ta tsage, yatsunsa da idanunsa ne za su biya, alhali kuwa da su zai yi noma ya ci da iyayensa. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Saboda haka wajibi ne ga dattawan maharba da suka rage, kada su bar sanin nan ya bi su kabari. Allah ya kawo ranar da za a rataye adaka, sai in gada ta shiga gona.