Rumfa Daidai Jirgi



Ranar kan ruwa daban take da ta tudu. A tudu ko yaya ne za ka sami gindin bedi ko jikin katanga ka raɓa, amma a tsakiyar gulbi rana biyu ce ke dukanka, ta sama da wadda ruwa ke maido maka a fuska. Mu mutanen Gwandu da Kalgo mun san wannan. Daga Maris zuwa Mayu zafi a Kebbi yakan haura digiri 40, a Agusta da Satumba kuwa, lokacin da Gulbin Rima ke batsewa ya shafe hanyoyin fadama, kwale-kwale ne motarmu zuwa gonar shinkafa da kasuwa da asibiti. Shi ya sa idan mai jego ta ga jirgi mai rumfa, shi take jira ko da zai ƙara mata kuɗi.

To sai dai rumfar da ke kare kai daga rana tana iya kifar da jirgi idan ba a auna ta ba. Mu fasinja inuwa kawai muke gani. Kullum roƙonmu ga mai jirgi shi ne, “Baba, a ƙara mata faɗi mana, rana na dukan na gefe.” Shi kuwa da ya girma a kan ruwa sai ya yi murmushi ya ci gaba da tuƙi, domin ya san abin da iska ke yi da yadin da aka shimfiɗa a sama.

Masu jiragen shaƙatawa a Amurka suna da irin wannan rumfa, sun sa mata sunan tsibiran Bimini da ke Bahamas. Tasu a kan bakunan ƙarfe biyu ko uku ko huɗu take tsayawa, kuma kafin a sayar wa mutum sai an tambaye shi awo uku: faɗi, tsawo, da tashi. Mu ba mu da shagon da ake sayar da ita a kammale. Mai walda ne ko kafinta zai haɗa, tela ya ɗinka saman. Amma awon nan uku bai canza ba, ko da tef aka yi shi ko da kamu da taƙi.

Faɗi shi ne na farko. Daga leɓen jirgi na dama zuwa na hagu ake aunawa, daidai wurin da ƙafafun rumfar za su zauna, kuma kada saman ya zarce leɓen. Duk taƙin da ya fita waje hannu ne aka miƙa wa iska ta kama. Haka kuma rumfa mai fuka-fuki takan sarƙe a rassa da dogayen ciyayin fadama, ta fizgi jirgi gefe guda.

Tsawo kuwa, wurin zaman fasinja kaɗai za ta rufe, kamar sulusin jirgin ko rabinsa. Goshi da gindi a bar su a buɗe. Mai tura jirgi da gora a tsaye yake aiki, yana buƙatar sararin ɗaga ta, mai inji kuma yana buƙatar ganin gabansa tun daga nesa, domin kututturen da ambaliya ta ɗauko ba ya sallama. Masunci mai jefa birgi ma ba ya son komai a samansa. Jirgin su da jirgin fito aikinsu ba ɗaya ba ne, don haka rumfarsu ba za ta zama ɗaya ba.

Tashi ne aka fi yin kuskure a kansa. Mai jirgi yana so a ce tasa ta fi ta kowa, sai ya ɗaga ta har mutum ya iya miƙewa a ciki. Alhali kimanin mita 1 daga kan benci ya ishi babban mutum ya zauna da hularsa. Duk nauyin da ya yi sama yana rage wa jirgi natsuwa, kuma doguwar rumfa ko inuwar kirki ba ta bayarwa, da rana ta ɗan karkata sai ta shigo ta ƙarƙashi.

Ga wani lissafi da ya kamata kowane mai jirgi ya riƙe. Idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take tura rumfa da shi yana ninkawa huɗu. Mun san yadda hadarin farkon damina ke tasowa daga gabas, guguwa a gaba, ruwa a baya, cikin 'yan mintuna. Rumfar da aka kafe da ƙusa ko walda, wadda ba ta naɗuwa, a wannan lokacin ta zama abokiyar gaba. Don haka sharaɗin da ba a sassautawa shi ne mutum ɗaya ya iya kwance saman ya naɗe shi nan take, da igiya mai zarge da ake ja sau ɗaya. Ƙullin da sai an nemo wuƙa ba shi da wuri a jirgi.

Na biyu lissafin ruwan sama ne. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Idan tamfol ya saki ya yi kwari mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1, ruwa ya taru zurfin santimita 5 kacal, an sami kilo 50. Buhun shinkafa ke nan yana lilo a saman kawunan mutane. Maganinsa a lanƙwasa sandunan sama kamar baka, a ja yadin ya ɗame, ruwa ya riƙa gangarewa.

Sai inganci. Bututun ƙarfe yana da ƙarfi, amma yana da nauyi, kuma tsatsa tana cin sa daga ciki tun kafin a gani. Alminiyam ya fi sauƙi kuma ba ya wannan tsatsar, sai dai tsada. Gora da tukurwa ba su da nauyi, ko sun faɗa ruwa ba sa nitsewa, illarsu ita ce a riƙa duba su saboda ƙwari da ruɓa. A wajen saman, baƙar leda zafi take tarawa, kuma rana na saurin ƙona ta har ta dinga kakkaryewa. Buhunan da aka haɗa da ɗinki suna da araha, amma ba sa daɗewa. Tamfol mai kauri, fari ko mai hasken launi, shi ya fi, a ninka bakinsa, a sa masa zoben ƙarfe inda igiya za ta shiga, domin daga nan yagewa take farawa. Asabari da tabarmar kaba sun fi kowa sanyi da rani, amma da sun sha ruwa sai su yi nauyi.

Gefe kuma a bar shi a buɗe. Mun san akwai masu so a saki labule don kunya ko feshin ruwa, amma idan jirgi ya kife, labulen nan shi zai hana mutum samun hanyar fita. Ba mu manta da 26 ga Mayu 2021 ba, ranar da jirgin da ya nufi Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski ya nitse a Kogin Neja da mutane fiye da 100 a cikinsa. Lodi fiye da kima aka fi ambatawa a matsayin dalili. Abin da ya haɗa wannan da maganarmu shi ne, jirgi mai inuwa ya fi jan fasinja, mai shi kuma yana son maido da kuɗin da ya kashe. Rumfa ba ta ƙara wa jirgi ko kujera ɗaya, nauyinta ma daga cikin lodin ake cire shi. Wanda kuɗinsa ba su kai ya haɗa rumfa da rigunan kariya ba, ya fara da rigunan, waɗanda hukumar NIWA ta daɗe tana kira a riƙa sawa.

Akwai kuma jirgin da bai kamata a ɗora masa rumfa ba sam. Siririn kwale-kwalen da ke tangaɗi da zarar mutum ɗaya ya gyara zama, malafa ce rumfarsa. Iyayenmu da suka yi shekaru suna fito da ita a ka ba rashin dabara ya hana su kafa sanduna ba.

Mu da ke biyan kuɗin fito muna da namu rabon. Kafin mu sa ƙafa, mu dubi ko rumfar ta zarce jirgin, mu tambayi yadda ake kwance ta, idan kuma mai jirgi ya ce a naɗe saboda hadari, kada mu tsaya musu don gudun jiƙewa. Allah ya kai mu gaci lafiya.