Lambar da nake jira ta cika a 2038

Jama'a, yau hirar lissafi zan yi, wanda ya gudu daga ajin lissafi ma ya tsaya. Akwai wata lamba da na haddace kamar lambar wayata: 2,147,483,647. 🧵

Biliyan biyu ce da ɗoriya. Da za ka ƙirga ta ɗaya-ɗaya, kowane sakan lamba ɗaya, ba barci ba cin abinci, sai ka shekara 68 kana yi.

Ga yadda ake samunta: jera 2 har guda 31, ka ninka su da juna, ka cire 1. Abin da ya sa nake sonta shi ne, duk girmanta babu lambar da ke raba ta daidai sai 1 da ita kanta. Dangin 3 da 7 da 31 da 127 ce, waɗanda ake kira lambobin Mersenne. Ita ce ta takwas a jerin.

Kada ku ɗauka dabarar kullum tana aiki. Jera 2 guda 11 ka cire 1, za ka samu 2047, ita kuwa 23 sau 89 ce.

Leonhard Euler ne ya tabbatar ba ta rabuwa, a 1772, ba kwamfuta ba kalkuleta, lokacin ma idonsa ya kusa tafiya gaba ɗaya. Bai bi lambobi ɗaya bayan ɗaya ba. Sai da ya fara gano irin waɗanda za su iya raba ta, su kaɗai ya gwada. Ni wannan wayon ya fi burge ni a kan amsar, wallahi.

To ina ruwanmu? Tsofaffin manhajoji da yawa suna ajiye lamba a gurbi 32, kowanne 0 ko 1. Gurbi ɗaya na nuna ko lambar ta yi ƙasa da sifili, saura 31. Nan ne iyakar mudun. Ka ƙara 1 kacal, sai ta juye ta koma -2,147,483,648.

Kun tuna Gangnam Style? A Disambar 2014 masu kallonsa suka haura wannan adadin, YouTube ta sanar cewa ma'ajin ƙirgarta ya koma gurbi 64.

Wancan abin dariya ne, agogo ne abin dubawa. Na'urori da dama suna ƙirga sakan tun daga 1 ga Janairun 1970. Ranar 19 ga Janairun 2038, ƙarfe 4:14 na asuba agogon Najeriya da Nijar, mudun zai cika. Wadda ba a gyara ba za ta ɗauka ana Disambar 1901 ne.

Sabuwar wayarka ba ta dame ni ba. Tsofaffin na'urorin da aka kafa aka manta da su nake ji, waɗanda kamfanin da ya ƙera su ya daina sabunta musu manhaja. Mu kuma 'yan gwanjo ne, abin da wasu suka yar shi muke saye.

Masu koyon rubuta manhaja, don Allah in za ku ajiye lokaci ko kuɗi, ku sa a gurbi 64. Na agogo ba zai cika ba sai bayan shekara biliyan 292.