Murar Annoba: Su Wa Take Kwantarwa a Asibiti?

Mu malaman makaranta ba abin da muka saba gani a aji irin mura. Yau wannan yaro na atishawa, gobe na kusa da shi ya kama, jibi su dawo garau. Saboda haka ne jama'armu ta zango suke ɗaukar kowace mura a matsayin baƙuwar kwana uku. Amma akwai wata iri da likitoci ke kira infuluwenza, wadda ke zuwa da zazzaɓi mai zafi da ciwon gaɓoɓi da kasala. Idan sabon nau'in ƙwayarta ya ɓullo, wanda jikin mutane bai taɓa haɗuwa da shi ba, sai ta zama annoba ta game duniya.

Kakanninmu sun ga haka da idonsu. A ƙarshen watan Agusta na 1918 jirgin ruwa ya kawo cutar Cape Coast daga Freetown, cikin 'yan kwanaki ta shiga Ankara, daga nan ta bi hanyar jirgin ƙasa da ta fatake har Kumasi da arewa. Masanin tarihi David Patterson ya ƙiyasta cewa mutum kamar 100,000 ne suka rasu a ƙasar nan cikin wata shida. A Nijeriya, inda ta shiga ta Legas a watan Satumba, ana maganar kusan 500,000. Alhaji Umaru na Kete-Krachi ma sai da ya yi ƙasida a kan wannan musiba. A lokacin ko asibitin Korle Bu babu, sai a 1923 aka buɗe shi, ƙwayar cutar kanta kuwa ba a gano ta a jikin ɗan Adam ba sai a 1933. Yawancin mutane a ɗakunansu suka cika, ba wanda ya rubuta shekarunsu ko irin ciwon da suke da shi.

A 2009 da annobar ta sake zuwa, wadda aka riƙa kira murar aladu, lamarin ya bambanta, domin likitoci sun riƙa ajiye bayanin duk wanda aka kwantar. Ta fara a Meziko da Amurka a watan Afrilu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta annoba ran 11 ga Yuni, ta kuma ce ta wuce a watan Agusta na 2010. Wannan lissafi na asibiti shi ne muka ga ya kamata mu tsaya a kansa, don mu masu rajista mun san amfanin rubuta suna.

Wani bincike a Amurka ya bi marasa lafiya 272 da aka kwantar a farkon annobar. Kashi 45 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 18. Kusan uku cikin kowane huɗu suna da wani ciwo tun da can, kamar asma, ciwon sukari, ciwon zuciya ko na huhu, ko kuma mata ne masu juna biyu. Ɗaya cikin huɗu sai da aka kai shi ɗakin kulawa ta musamman, kashi 7 cikin ɗari kuma suka rasu. Waɗanda aka fara ba maganin kashe ƙwayar cutar da wuri sun fi samun sauƙi. A Afirka ta Kudu kuma an ga cewa da yawa daga cikin waɗanda suka fara rasuwa mata ne masu ciki da masu ɗauke da cutar ƙanjamau.

Abin lura shi ne, murar da ake yi kowace shekara tsofaffi ta fi kashewa, amma ta 2009 kimanin kashi 80 cikin ɗari na waɗanda ta kashe ba su kai shekara 65 ba. Haka ta 1918 ta fi ɗaukar majiya ƙarfi 'yan shekara 20 zuwa 40. Wato ɗalibanmu ke nan, da iyayensu mata, da mu kanmu. Ƙwayar 2009 ɗin kuma ba ta ɓace ba, ta shiga cikin murar shekara-shekara. A Disamba 2017 ɗalibai huɗu suka rasu a makarantar kwana ta Kumasi Academy, cibiyar bincike ta Noguchi da ke Legon ta tabbatar da wannan ƙwaya a jikin ɗaliban da aka gwada. Kowane malami a ƙasar nan ya ji wannan labari a jikinsa.

To, 'yan uwa, me za mu yi da wannan sani? Na farko, ba kowane zazzaɓi ba ne na cizon sauro, a je a yi gwaji. Kafso da ake saye a kemis ba ya kashe ƙwayar mura, maganinta daban ne, ana ce masa oseltamivir, kuma ya fi aiki idan an fara shi cikin kwana biyu. Duk wanda numfashinsa ya yi wuya, ko ƙirjinsa ke ciwo, ko zazzaɓi ya sauka ya sake dawowa da tari mai tsanani, a kai shi asibiti a ranar. Mai ciki da jariri da mai asma kuwa kada a jira ma su kai haka.

Na biyu, zancen dubiya. Gaida mara lafiya sunna ce, kuma da ita aka san mu. Sai dai mai mura yana iya yaɗa ta tun kwana ɗaya kafin ya ji a jikinsa, har kusan mako guda bayan haka. Idan mutum goma suka cika ɗakin asibiti, akwai mai ciwon sukari a gadon kusa wanda tarin ɗayansu zai iya zame masa ajali. Mai tari ya aika gaisuwa da addu'a daga gida, ladarsa na nan.

Mu kuma a makaranta, yaron da ya zo da zazzaɓi gida za mu mayar da shi, muna roƙon iyaye kada su ga kamar mun kore shi ne. Fashin kwana biyar za mu iya rama masa a aji. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya kare mu da zuriyarmu, amin.