Wanda ya daki alƙalin wasa, kotu ya kamata ya je

Jama'a, ranar Asabar ƙanena ya dawo gida leɓe a fashe. Wasan unguwa ya busa, ya ba da fanareti ana dab da tashi, wani ya zo ta baya ya ɗora masa mari, wasu suka bi da ƙafa. Kuɗin busawar ko na allurar da aka yi masa bai kai ba. Da na ce mu tafi wajen 'yan sanda, dattawan unguwa suka taso: a yi haƙuri, harkar ƙwallo ce.

Wannan "harkar ƙwallo ce" ita ta hana ni barci.

Ku tuna Turkiyya. Ranar 11 ga Disamba 2023 shugaban kulob ɗin Ankaragucu, Faruk Koca, ya shiga fili ya naushi alƙalin wasa Halil Umut Meler bayan sun tashi 1-1 da Rizespor. Aka dakatar da gasar ƙasar gaba ɗaya, aka kama shi, aka haramta masa harkar ƙwallo har abada. A Nuwamba 2024 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 3 da wata 7. Mutumin nan fa tsohon ɗan majalisa ne. Faransa kuwa tun 2006 dokarta ta ɗauki alƙalin wasa tamkar mai aikin hukuma, wanda ya taɓa shi hukuncinsa ya fi na duka na yau da kullum nauyi.

Mu a nan fa? A Oktoba 2025, da 'yan kallo suka afka wa alƙalai a filin Sani Abacha bayan wasan Pillars da Shooting Stars, an cire wa kulob maki 3, an ci shi tara. To kulob ɗin na gwamnati ne. Kenan wani ya yi duka, mu masu biyan haraji muka biya.

Ni dai a ganina ko sabuwar doka ba ma buƙata kafin mu fara. Duka da jikkata mutum laifi ne a Penal Code, kuma babu inda aka ce ban da cikin fili. Idan wani ya mare ni a ofis saboda fayil ɗinsa ya makara, ranar zai kwana a sel.

Ƙanena ya ce ya ajiye usur. Na ce ya ajiye, amma Litinin da safe ni da shi za mu je mu shigar da ƙara. Dattawa su yi haƙuri.